Awon Igiya a Hanyar Dutsin-Ma: Yadda Gona Ke Zama Unguwa a Katsina

Wanda ya fita Katsina ta hanyar da ta nufi Kurfi da Dutsin-Ma, kafin ya yi nisa da garin Batagarawa zai wuce manyan makarantu huɗu: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, Kwalejin Ilimi ta Tarayya, Jami'ar Al-Qalam, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Biyun farko sun girmi jihar kanta, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987. Al-Qalam ta zo a 2005, jami'ar jiha kuma aka kafa ta a 2006, lokacin marigayi Umaru Musa yana gwamna. Tsakanin waɗannan makarantu, da bayansu, da gefensu, a da gonakin gero da dawa da wake ne. Yau gidaje ne, da shaguna, da kangaye, da filayen da aka zagaye da bulo layi uku aka bar wa tumfafiya.

Birnin ya faɗaɗa ta kowace fuska, ta hanyar Kano, ta Daura, ta Jibiya, ta Batsari. An zaɓi wannan ɓangare ne don a nan abin ya fi fitowa fili: gwamnati ta zuba kuɗi ta gina makarantu, mutane suka biyo, ƙasa ta yi tsada, kasuwanci ya buɗe a wani wuri ya ƙi buɗewa a wani. Abin da wannan nazari ke bi shi ne dalilin wannan bambanci. Kuma dalilin, a ganina, yana komawa ga rana guda, ranar da aka shiga gona da igiya.

Masu neman wuri

Ba a rasa masu saye ba tun farko. Da aka yi jiha, ma'aikata suka dawo daga Kaduna, cikin ganuwa kuma babu wurin da zai ɗauke su. Rukunin gidajen da gwamnatoci suka gina, irin su Goruba da Barhim, sun ɗauki wasu, amma ba su kai ko kusa da buƙata ba. Sai makarantu suka kawo nasu: malamai, ma'aikatan ofis, da dubban ɗalibai waɗanda ɗakunan kwanan makaranta ba su isa ba. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Katsina ta haura mutum 300,000, kuma ƙasarta ƙarama ce, don haka duk abin da ya tumbatsa ta kudu cikin ƙasar Batagarawa yake zuba.

Daga baya wasu masu sayen suka ƙaru, waɗanda babu wanda ya yi lissafinsu. Rashin tsaro ya koro mutane daga ƙauyukan Batsari, Safana, Ɗanmusa, Jibiya da Ƙanƙara. Mai hali a cikinsu ya sayar da shanu ya sayi fili a gefen birni, marar hali ya roƙi mai kango ya bar shi ya zauna ya riƙa yi masa gadi. Sannan ga masu ajiyar kuɗi. Tun da naira ta fara zubewa, musamman bayan 2023, duk wanda 'yan kuɗi suka shigo hannunsa ya san idan ya bar su a banki narkewa za su yi. Da yawa kuma ba sa son ajiyar da ke da kuɗin ruwa. Fili shi ne asusunsu. Irin wannan mai saye ba gini ne a ransa ba, kuma shi ne ya fi kowa tasiri a kan farashi, domin ba ya gaggawa.

Ranar da aka ja igiya

Labarin gona ɗaya kusan shi ne labarin saura. Mai gona ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya. An zo rabon gado, an fitar da tumunin takaba, an raba saura namiji kashi biyu mace kashi ɗaya. Abin da ya isa ya ciyar da gida guda, da aka yanka shi gida goma sha, babu kason da zai riƙe mutum shekara. Wani cikin magadan yana son aure, wani yana son babur, wata mijinta na matsa mata ta karɓo nata. Dama dillali ya daɗe yana kewaya gidan, ya zo gaisuwar uku, ya zo ta bakwai. Sai ya kawo mai kuɗi, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a ba da kafin alƙalami. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa ta ɓangare biyu.

Wanda ya sayi gonar ba noma zai yi ba, yanka ta zai yi. A nan hanya ta rabu biyu. Ko ya kai wa hukumar tsara birane ta duba, safiyo ya zo ya fitar da tituna da magudanan ruwa da wurin makaranta da masallaci, abin da ake kira awon gwamnati. Ko kuma ya kira yara biyu da igiya da turaku, kafin la'asar an gama. Wannan shi ne awon igiya.

Me ya sa na biyun ya fi yawa? Lissafi ne kawai, kuma kowa na iya yin sa. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana cin kusan murabba'in mita 465, rabinsa kuma, wato hamsin-hamsin, kusan 232. Idan aka yanka hekta ba tare da barin ko taku ɗaya na hanya ba, za a sami hamsin-hamsin 43. A ce an bi tsari an ware kashi ɗaya cikin uku don tituna da kwata da wuraren jama'a, abin da zai rage bai wuce 28 ko 29 ba. A ce kuma an bar 'yan lunguna masu ƙafa goma ko goma sha biyu kawai, za a tashi da 36 ko 37. Bambancin fuloti takwas ne ko tara a kowace hekta. Duk wanda ya ce wa mai yanka ya bar titi mai faɗi, cewa yake ya yi kyautar fuloti takwas ga mutanen da bai taɓa gani ba, sannan ya bi ofis-ofis wata da watanni kuɗinsa na kwance. Ba sai mutum ya zama azzalumi kafin ya zaɓi igiya ba.

Shi kuma mai saye, hamsin-hamsin ɗin ce daidai aljihunsa. Malamin firamare ko ƙaramin ma'aikaci ba zai iya fulotin awon gwamnati ba, ko da ya samu. Dillali zai tsayar da shi a tsakiyar gona, karan dawa na nan ba a kwashe ba, ya nuna gabas ya ce, "Malam, nan layi ne, can ma layi ne, mota har ƙofar gida. Wallahi jiya wani Alhaji ya ɗauki huɗu a jere." A ranar ba ƙarya ya yi ba, mota na iya zuwa ko'ina, tun da babu gini ko ɗaya.

Sai an fara gini ake gane faɗin layin. Tifa tana da faɗin kusan ƙafa takwas. Layi mai ƙafa goma zai ɗauke ta da ƙyar idan kowa ya tsaya a iyakarsa, amma ba a tsayawa. Wannan ya turo katangarsa taku ɗaya, wancan ya fito da dakali, na gaba ya haƙa ramin masai a waje don kada ya ci masa tsakar gida, sandar lantarki kuma ta tsaya inda ta samu. Cikin 'yan shekaru tifa ba ta shiga. Wanda ya zo gini a ƙarshe sai a juye masa yashi da bulo a bakin layi, ya ɗauki leburori su riƙa turawa da baro, kowane sawu da kuɗinsa. Fulotin da ya saya da araha ya fara karɓar cikon kuɗinsa tun kafin a kai linta. Da damina kuma ruwan da a da gona ke shanyewa yanzu kwano ne ke zubo shi, ba kwata, ba kwalbati, sai ya bi layin, wanda ƙofarsa ta fi ƙasa shi ne mai masaukin baƙi.

Takarda

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa kuma aka cusa ta cikin tsarin mulki, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ƙasar birni gwamna ne ke ba da izinin zama a kanta, takardar da aka fi sani da C of O, yawanci na shekara 99. Ƙasar karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da izinin gargajiya. Sayar da fili mai takardar gwamna ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Gonakin Batagarawa sun faɗa tsakiya: a al'ada gonakin gado ne, a zahiri birni ya riga ya haɗiye su.

Takardar da mafi yawan masu awon igiya ke riƙe da ita yarjejeniyar ciniki ce mai sa hannun shaidu da mai unguwa. A unguwa tana da ƙarfi, a gaban alƙali ma hujja ce. Amma banki ba ya karɓarta jingina, kuma ba ta hana a sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, tun da babu wani kundi guda da za a je a duba. Rigimar da ta fi yawa ma ba ta 'yan damfara ba ce, ta gado ce: babban wa ya sayar, bayan shekaru ƙanwar da ke aure a wani gari ta zo ta ce ba da yawunta ba, alhali an riga an yi gidaje goma a wurin.

Akwai wani sashe na dokar da ke bayyana abin da baƙo kan yi mamakinsa, wato yawan harsashin da aka haƙa aka watsar. Idan gwamnati ta karɓe ƙasa don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka yi a kan ƙasar ce, gini ko shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Fili tsirara ba shi da mai kare shi, daga gwamnati ko daga maƙwabci. Shi ya sa da zarar mutum ya biya, abu na farko shi ne ya zuba harsashi ya ɗora bulo, ko ya tayar da ɗaki ɗaya a kusurwa. Ba gini ya fara ba, shaida ya kafa.

Rashin takardar gwamna ya kuma rufe wa mutane ƙofar rance. Ma'aikacin gwamnati ana cire masa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, bisa dokar 1992, amma bashin gina gida daga asusun yana neman takardar mallaka sahihiya. Bankunan kasuwa kuwa, a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Nijeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, babu gidan hayar da zai biya wannan. Saboda haka da albashi ake gini, da adashi, da bashin ƙungiyar ma'aikata, da kuɗin sallama idan an yi ritaya. Bana bulo, baɗi rufi. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, buhun siminti bai wuce naira 5,000 ba a mafi yawan wurare. A farkon 2024 ya haura 10,000. Wanda ya tsara zai yi rufi a waccan shekara, da yawa har yanzu katangarsu na shan rana.

Masu ɗakunan haya

Waɗanda suka gina don ɗalibai su ne suka fi kama da masu zuba jari na gaske. Tsarin kusan ɗaya ne: ɗakuna a jere fuska biyu, tsakar gida siririya, banɗaki a ciki ko na haɗaka, ƙofa ɗaya. Kuɗin shekara ake karɓa gaba ɗaya a farkon zangon karatu, abin da ya fi hayar iyali daɗi, inda sai an yi ta bin mutum. Ɗalibi kuma yana gama karatu zai tafi, ba sai an kai shi gaban alƙali ba.

Sai dai arzikin ɗaure yake da kalandar makaranta. A Maris 2020 aka rufe makarantu saboda korona. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Mai ɗakin da ke jiran ɗaliban jami'ar gwamnati ya shiga tsaka mai wuya: yaro ya biya shekara, bai zauna ba, kayansa na ciki a kulle, ya dawo yana cewa a ɗaga masa. A karɓi sabon kuɗi a zama marar tausayi, a bari a yi asarar shekara. Wanda gininsa ke kusa da Al-Qalam bai sha wannan ba, domin jami'a mai zaman kanta ba ta shiga yajin ASUU. Tazarar 'yan kilomita a kan titi ɗaya ta raba mai riba da mai asara.

Tsaro ma ya sake wa hayar farashi. Bayan sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a Oktoban 2023, duk uban da zai kama wa 'yarsa ɗaki a jihar nan tambayarsa ta farko ita ce katanga, da mai gadi, da nisan gidan daga kwalta. Ɗakin da ke can ƙarshen unguwa, bayansa gona, ko an rage kuɗi ba a rububinsa.

Sai ruwa. Madatsar Ajiwa, wadda birnin ya daɗe yana sha daga gare ta, a cikin ƙasar Batagarawa take, amma bututu ba ya bin layin da babu shi a taswira. Mai gidan haya ko ya haƙa rijiyar burtsatse ya ɗora mata sola, ko ya bar 'yan hayarsa da 'yan garuwa. Wanda ya haƙa ya sami sana'a ta biyu, yana sayar wa masu kura. Wutar lantarki ma haka, karo-karo ake yi a sayi sanduna da waya, wani lokaci har taransifoma.

Bakin kwalta da cikin lungu

A bakin babban titi kasuwanci ya bunƙasa, babu musu. Gidajen mai, gidajen bulo, masu siminti da rodi da kwano, masu walda da ke ƙera ƙofa da taga, gidajen burodi, kemis, masu fotokofi da buga takardun kammala karatu, masu POS, masu abinci, 'yan Keke Napep da ke jigila tsakanin gari da makarantu. Mai fuloti a bakin titi ba ya ma gina gida, shaguna yake jerawa, idan da hali ya ɗora bene ya ba ofisoshi ko makarantar kuɗi. Duk titin da ya ratsa daga kwalta ya shiga ciki da faɗin da mota biyu za su gifta, shi ma shaguna sun bi shi, har ka ga mutum ya fasa ɗakin zaurensa ya mai da shi kanti.

A cikin lungu kuwa abin da ake samu bai wuce mai teburin kayan miya, da mai cajin waya, da matan da ke sana'a a cikin gida suna ɗora wa yara talla ba. Ba don babu mutane ba, a nan ma mutanen suka fi yawa. Motar kaya ba ta shiga, don haka babu mai buɗe babban kanti. Mai makaranta ba zai kama wurin da iyaye ba za su iya sauke yara ba. Mai injin niƙa ko walda na son wuta mai ƙarfi. Kuɗin mutanen lungu kullum fita yake yi zuwa bakin titi, kuma hayar shagon bakin titi tana shiga aljihun wanda ya riga kowa sanin inda kwalta za ta bi. Wannan sanin, a garinmu, ba a raba shi daidai.

Idan aka bi kuɗin tun daga farko, wanda ya fi kowa samu shi ne mai sayen gona ya yanka, sai mai sayen fuloti ya ajiye. Dukansu babu wanda ya ɗora bulo don wani ya kwana. Darajar da ta hau kan filinsu makarantun da aka gina da kuɗin jama'a ne suka kawo ta, da maƙwabtan da suka yi ƙarfin hali suka tare tun wurin yana daji, suka jawo wuta, suka gina masallaci. Mai ajiya yana zaune a cikin gari, filinsa ya zama juji da maɓoyar ɓata-gari, farashinsa na hawa. Magadan gona su ne a ƙasa. Kuɗin da suka karɓa a lokacin ya yi musu yawa a ido, an yi aure, an je Makka, an sayi babur. Yau za ka sami jikan mai gonar yana lebura a gidan bulon da ke kan gonar kakansa. Ba na cewa da sun riƙe da sun tsira, domin noma a tsakiyar gidaje ba ya yiwuwa, awakin unguwa kaɗai sun isa su tashe ka. Amma da sun yanka da kansu sun sayar da rabi sun riƙe rabi, da labarin ya bambanta, kuma 'yan kaɗan da suka yi hakan su ne masu shaguna a yau.

Inda aka tsaya

Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta hau a 2023, ta kafa hukumar KATGIS don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, kamar yadda Abuja da Kaduna da Kano suka riga suka yi. Idan aikin ya kai har unguwannin awon igiya, zai rage sayar da fuloti ɗaya sau biyu, kuma zai ba mai ƙaramin gida takardar da banki zai duba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma rajista tana rubuta abin da ta tarar ne. Layin da aka bari ƙafa goma, ƙafa goma za ta shigar.

Wurin da har yanzu ake da zaɓi shi ne gonakin da ba a kai ga yankawa ba, can gaba da jami'ar jiha da kuma ƙauyukan da ke gefen hanya. A can, fitar da manyan tituna bai wuce aikin safiyo da 'yan duwatsun iyaka ba, matuƙar an shawo kan mai gona game da fulotinsa takwas. Hanyar shawo kansa a bayyane take: a sa takardar gwamna ta fito da sauri da araha ga duk wanda ya bi tsari, yadda fuloti 28 masu takarda za su fi 37 marasa ita kuɗi. Masu unguwanni da dagatai su ne ke sa hannu a kowane ciniki, ba a yanka gona ba da saninsu ba, don haka duk tsarin da ya tsallake su a ofis zai tsaya.

A unguwannin da suka riga suka cika kuwa, abin da ya rage biyu ne. Ko mazauna su haɗa kuɗi su sayi kangon da ya tare hanya su rushe, ko gwamnati ta zo da jan fenti ta shafa wa katangu, ta biya diyya. Diyyar kuma ta gini ce, kuma da farashin simintin yau za a lissafa ta.